Cin Gashin Kai da Wuƙar Aro

Wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Sabo, wanda ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Ikko da birnin Gwangzu na ƙasar Sin wajen sarin kayan wayar hannu, shi ne musabbabin wannan 'yar maƙala, ko da yake shi kansa bai sani ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar shagonsa, sai ya zaro wata takardar kuɗin Sin daga aljihun gaba ya miƙo mana, ya ce, "Malam, tunda ku ne masana rubutu, a taimaka a karanta mana wannan ajamin." Muka juya bayan takardar, muka ƙura ido. A kusurwar sama ta hannun dama akwai wasu ƙananan rubuce-rubuce, ɗaya daga cikinsu kuwa da baƙaƙen Larabci aka yi shi, babu ko tantama. Mun iya haɗa baƙin, har mun tsinci wata kalma mai kama da banki da wata mai kama da halƙu, amma daga nan karatu ya tsaya. Daga baya ne bincike ya nuna mana cewa harshen Uigur ne, sauran ukun da ke tare da shi kuma na Mongol ne, da na Tibet, da na ƙabilar Juwang wanda aka rubuta da boko. Dukkansu abu ɗaya suke faɗa, wato sunan babban bankin ƙasar. A gaban takardar kuwa fuskar Mao Zedong ce ita kaɗai.

A da ba haka fuskar kuɗin take ba. Yawancin takardun da aka fara fitarwa a 1987 suna ɗauke da hotunan mutanen ƙabilu daban-daban, biyu-biyu, kowa da irin hularsa ko adon kansa. Waɗanda aka soma bugawa a 1999 ne suka share waɗannan fuskoki, suka bar wa ƙananan ƙabilu wannan 'yar kusurwa ta baya. Mu da muka ga yadda aka yi ta ka-ce-na-ce a nan gida lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, mun san cewa rubutun jikin kuɗi ba ado kaɗai ba ne. Al'umma takan duba wurin ta ga ko ana lissafi da ita.

Waɗannan harsuna huɗu na mutanen da ƙasar Sin ta ware wa manyan yankuna ne, waɗanda gidajen rediyo suka saba kira da Hausa yankuna masu cin gashin kansu. Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan lafazi, domin sau da yawa ɗalibai kan karanta shi da dogon wasali, su mai da shi gashin da wanzami ke askewa. Gashin da ake nufi shi ne na nama a kan garwashi. Mai cin gashin kansa shi ne wanda ya hura wutarsa, ya gasa tsokarsa, ya sauke ta a lokacin da ya ga dama, in ya so da sauran jini-jini, in ya so ta ƙone ƙurmus, babu mai ce masa don me. Bahaushe kuma idan zai siffanta mai cikakken iko sai ya ce wuƙa da nama suna hannunsa. Tambayar da muke son mai karatu ya taya mu juyawa ita ce: idan babba ya ɗauki tsoka ya ba ƙarami, ya rubuta sunan ƙaramin a jikinta, amma ya riƙe wuƙar, me ya ba shi ke nan? Kyauta ce, ko aro, ko kuwa ajiya ya ba shi?

Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen Sin sun haura miliyan 1,400. Kashi 91 cikin 100 'yan ƙabilar Han ne, sauran kuwa, wajen mutum miliyan 125, sun rarrabu cikin ƙabilu 55 da hukuma ta amince da su. Wannan adadi na 55 shi kansa aikin hukuma ne. A ƙidayar 1953, da aka bar kowa ya faɗi abin da yake kiran kansa, sunayen da aka samu sun fi 400. Sai aka tura masana harshe da al'ada ƙauyuka, suka tace, suka haɗa wannan da wancan, har aka rufe littafi a 1979 da ƙabilar Jino. Manyan yankunan guda 5 ne: Mongoliya ta Gida da aka kafa a 1947, tun kafin a kafa jamhuriyar kanta, Shinjiyang na Uigur a 1955, Guwangshi na Juwang da Ningshiya na Musulmin Hui a 1958, sai Tibet a 1965. Ƙarƙashinsu da cikin sauran larduna akwai ƙananan yankuna 30 da gundumomi 120 masu irin wannan matsayi. Idan aka haɗa su duka sun cinye wajen kashi 64 cikin 100 na faɗin ƙasar, kuma a cikinsu ne mafi yawan iyakokinta suke, da makiyaya, da mafarin manyan koguna, da kwal da man fetur. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin yadda Beijin take kaffa-kaffa da su ba.

A takarda, alkawarin yana da kyau ƙwarai. Tsarin mulkin 1982 ya ce kowace ƙabila tana da 'yancin amfani da harshenta da rubutunta da kuma raya su. Ya ce shugaban gwamnatin kowane yanki dole ya fito daga ƙabilar da yankin ke ɗauke da sunanta. Dokar cin gashin kai ta 1984, wadda aka yi wa gyara a 2001, ta ƙara da cewa idan umarni ya zo daga sama kuma bai dace da yanayin wurin ba, hukumar yankin tana iya sassauta shi ko ta dakatar da shi. Kuma ba adalci ba ne mu ce duk wannan ya tsaya a takarda. A shekarun da aka taƙaita wa iyalan Han na birane haihuwa ga ɗa ɗaya, mafi yawan ƙananan ƙabilu an bar su su haifi biyu ko fiye. An yi ta ƙara wa 'ya'yansu maki a jarrabawar shiga jami'a. An buga littattafai da jaridu, an buɗe gidajen rediyo da makarantu da harsunansu. Wani abin lura ma shi ne, ƙasar Mongoliya mai 'yancin kanta ta ajiye tsohon rubutun Mongol, wanda ake jerowa daga sama zuwa ƙasa, ta ɗauki baƙaƙen Rasha a shekarun 1940, alhali a Mongoliya ta Gida, ƙarƙashin tutar Sin, aka ci gaba da koyar da shi. Sai a 2025 Mongoliya ta dawo da shi cikin takardun hukuma gefe da gefe da na Rasha. Wato dai akwai abin da ya rayu a ɗakin aro wanda ya kusa mutuwa a ɗakin gado.

To amma sai a koma a sake karanta dokar a hankali, irin karatun da muke cewa ɗalibai su yi wa waƙa, inda ɗan ƙaramin harafi kan juya baiti. Hukumar yanki tana iya dakatar da umarnin sama, amma sai ta kai maganar sama ɗin an amince mata. Majalisar yanki tana iya rubuta wa kanta babbar dokar cin gashin kai, amma ba za ta fara aiki ba sai zaunannen kwamitin majalisar ƙasa ya sa hannu. An shafe fiye da shekaru 30 bayan dokar 1984 babu ko ɗaya cikin manyan yankunan 5 da ya samu irin wannan doka tasa, duk da cewa an yi ta rubuta daftari. Shugaban gwamnatin yanki ɗan ƙabila ne, gaskiya, amma a tsarin Sin wanda ke sama da shi shi ne sakataren Jam'iyyar Kwaminis na yankin, kuma doka ba ta ce komai game da ƙabilar wannan ba. Tun daga 1965 ba a taɓa ba ɗan Tibet wannan kujera a Tibet ba. A Shinjiyang Saifuddin Azizi ya riƙe ta daga 1972 zuwa 1978, daga shi kuma ba a sake ba ɗan Uigur ba. A cikin Shinjiyang ɗin ma akwai wata runduna ta noma da gine-gine da aka kafa a 1954, mai garuruwanta da gonakinta da kotunanta, mafi yawan mutanenta Han ne, kuma linzaminta ba a hannun gwamnatin yankin yake ba.

Ga kuma maganar yawan jama'a, wadda take cinye suna ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na doka ba. A 1953 'yan Han a Shinjiyang ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba, Uigur kuwa wajen kashi 75. A 2020 Han sun kai kashi 42, Uigur sun koma 45. A Mongoliya ta Gida, Mongol ba su cika kashi 18 ba. A ɗaya gefen, fiye da rabin 'yan Tibet suna zaune ne a wajen yankin da ake kira Tibet, cikin lardunan da ke maƙwabtaka da shi. Gida yana amsa sunan mutum, amma idan aka yi sallama ba muryarsa ke fara amsawa ba.

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida da za ta taimake mu a nan. Sun ce kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, abin da suke kira hauzi. Mutum ya ce na ba ka gonata, ya tara shaidu, amma ya ci gaba da nomanta yana kai amfanin rumbunsa, idan ya mutu a haka gonar ta magada ce. Abin da ke bambanta haƙƙi da alfarma shi ne ranar saɓani. Muddin babba da ƙarami bakinsu ɗaya ne, ba mai iya gane wanda ke riƙe da wuƙa, domin duk inda aka yanka kowa ya yarda. Sai ranar da ƙaramin ya ce a'a. Idan a'ar tasa tana iya tsayar da hannun babba, ko da na ɗan lokaci ne har a je gaban alƙali, to abin da ke hannunsa nasa ne. Idan kuwa ba ta iyawa, zanen aro ne, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara.

Irin wannan rana ta zo wa Mongoliya ta Gida a ƙarshen watan Agusta na 2020. Ana saura kwanaki a koma makaranta aka sanar cewa darussa uku, wato harshe da adabi, da tarbiyyar siyasa, da tarihi, za a riƙa mai da su ɗaya bayan ɗaya zuwa daidaitaccen Sinanci a makarantun da ke koyarwa da harshen Mongol. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa aji, aka taru a ƙofofin makarantu. Ba su nemi ɓallewa ba, ba su ɗauki makami ba, dokar ƙasa suka riƙa ambato. Aka yi kame, aka matsa wa ma'aikatan gwamnati su mai da 'ya'yansu ko su rasa aiki, shirin kuma ya ci gaba. A watan Janairu na 2021 sashen dokoki na majalisar ƙasa ya bayyana cewa ƙa'idojin wasu yankuna da suka tanadi koyarwa da harshen ƙabila sun saɓa wa sashen tsarin mulki da ya ce gwamnati za ta yaɗa daidaitaccen Sinanci a ko'ina. Sassa biyu na kundi ɗaya suka yi karo, wanda ya ba da aron kuma shi ne ya zauna a kujerar alƙali.

Mutum biyu sun fi tsaya mana a rai. Ilham Tohti malamin jami'a ne kamarmu, ɗan Uigur, yana koyar da tattalin arziki a jami'ar ƙabilu ta Beijin. Abin da aka san shi da shi shi ne kira a aiwatar da dokar cin gashin kai yadda aka rubuta ta. A watan Satumba na 2014 aka yanke masa ɗaurin rai da rai bisa tuhumar neman raba ƙasa. Tashi Wangchuk kuwa ɗan tireda ne daga garin Yushu. A 2015 ya tafi Beijin yana neman lauyan da zai shigar masa da ƙara a kan yadda ake janye harshen Tibet daga makarantu, wata jaridar Amurka ta ɗauki tafiyar tasa a hoton bidiyo. An kama shi a farkon 2016, ya yi shekara 5 a tsare, ya fito a 2021. Dukkansu biyu takardar alkawari suka ɗauko suka kai wa wanda ya rubuta ta. Abin da ya biyo baya a Shinjiyang daga 2017 ya fi wannan muni. Masu bincike na waje sun ƙiyasta an tsare mutum miliyan 1 ko fiye a sansanoni. Gwamnatin Sin ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne don maganin tsattsauran ra'ayi, rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 31 ga Agusta 2022 kuma ya ce abin da aka yi yana iya kaiwa ga laifin cin zarafin bil'adama, Sin ta yi fatali da rahoton. Wanda ya riƙa fitowa gaban 'yan jarida yana kare waɗannan cibiyoyi shi ne shugaban gwamnatin yankin na lokacin, Shohrat Zakir, ɗan Uigur, kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Sakataren jam'iyya Chen Quanguo, ɗan Han, shi ne mai umarni.

Duk da haka bai kamata mu yi kamar babban ba shi da hujja ba, domin yana da ita, kuma ba ta wasa ba ce. Su kansu 'yan Kwaminis ɗin, a kundin da suka rubuta a 1931 tun suna daji, sun yarda ƙananan ƙabilu su ɓalle idan sun so. Da mulki ya zo hannu a 1949 sai suka janye wannan, suka ce kowane yanki ɓangare ne na ƙasa da ba ya rabuwa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, ta tsage ne daidai kan layukan da ita da kanta ta zana wa ƙabilu, ta zama ƙasashe 15. Yugoslabiya ta bi sahu cikin jini. Wasu masanan Sin, irin su Ma Rong na jami'ar Beijin, sun daɗe suna cewa idan ka rubuta wa mutum ƙabilarsa a katin shaida, ka zana masa ƙasa, ka ba shi tuta a zuci, to ka gina masa katanga tsakaninsa da maƙwabcinsa, wata rana kuma katangar za ta zama iyaka. Jini ma ya zuba a zahiri: kusan mutum 200 a tarzomar Urumci ta Yulin 2009, da mutum 31 da aka kashe da wuƙaƙe a tashar jirgin ƙasa ta Kunming a Maris na 2014. Sannan akwai uba talaka wanda ya san cewa ɗansa ba zai samu aiki a masana'anta ko ofis ba sai da Sinanci, shi da kansa yake kai yaron makarantar Sinanci. Mu da muke koyar da Hausa alhali mun san irin makarantun da da yawa daga cikinmu ke kai 'ya'yansu, bai dace mu yi wa wannan uba dariya ba.

Shugaba Xi Jinping yakan ce ƙabilun Sin su rungumi juna kamar 'ya'yan rumman. Misali ne mai kyau, kuma muna da irinsa, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sai dai mai shara ya san cewa igiya ce ke riƙe da tsintsiya, kowane tsinke kuma yana nan da jikinsa. In aka ce sai an daka tsinkayen sun zama gari ɗaya kafin a yarda da haɗin kansu, an rasa abin sharar. A ganinmu tsoron wargajewa yana iya halatta wa ƙasa ta hana ɓallewa, ta koyar da harshe ɗaya da kowa zai ji, ta hukunta wanda ya ɗauki makami. Ba mu ga yadda zai halatta a ɗaure mai neman lauya ba. Haka kuma akwai bambanci mai girma tsakanin uban da ya auna ya zaɓa wa ɗansa Sinanci da uban da aka rufe ɗaya ƙofar aka ce masa ya zaɓa. Na farko ya yi hasara da saninsa, na biyu ƙwace aka yi masa, ko da a ƙarshe yaran biyu aji ɗaya suka zauna.

Wani zai ce, to ashe sunan banza ne, gara a goge shi kowa ya huta. Nan ma ba mu yarda ba. Alkawari kaya ne, ko da wanda ya ɗauka ya ajiye shi a hanya. Iyayen da suka tsaya a ƙofar makaranta a 2020 ba su da abin riƙewa sai wannan rubutu, kuma saboda shi ne duk mai kallo ya gane wanda ya saɓa. A zamanin juyin al'adu an tattake tsarin gaba ɗaya, a Mongoliya ta Gida kaɗai alƙaluman hukuma sun amsa cewa mutum fiye da 16,000 sun mutu a farautar da aka yi a 1968 da 1969. Amma da guguwar ta wuce, sunan da ya rage a takarda shi aka kama aka sake buɗe makarantu da maɗaba'u a shekarun 1980. Wanda aka ƙwace wa gona yana da takarda ya fi wanda aka ƙwace wa ba shi da ita, ko da alƙalin yau ba zai saurare shi ba.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Mun yi nisa da gida, alhali wannan tambaya an yi ta a ƙasar nan tun kafin a sauke tutar Ingila. A 1957 aka naɗa hukumar Willink ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu, kuma a Arewa waɗanda ake jin tsoron danniyarsu mu ne. Mutanen kudancin Zariya da na wasu sassan tsakiyar ƙasa sun koka da hakiman da ake turo musu daga fadar sarakuna. Hukumar a rahotonta na 1958 ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Daga baya aka bi ɗaya hanyar: jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774. Kowace sabuwar iyaka ta kwantar da hankalin wasu, ta kuma wayi gari da sabon babba da sabon ƙarami a cikinta. Sin ma haka ta gani, shi ya sa a cikin yankin Uigur ta sake yanka wa Kazak da Kirgiz da Mongol da Hui da Tajik nasu. Wanda ya san abin da ya biyo bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ƙasa ba ta yankuwa daidai da mutane, domin mutane suna tafiya, suna auratayya, suna haihuwa a inda dare ya yi musu.

Mu da ke zaune a kudu mun ɗanɗani abin ta ɗaya gefen. An kafa Sabon Ibadan, ko Badun a bakin mutanenmu, a 1916, da Sarkin Hausawa wanda hukumar lokacin ta tsaya wa. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 yadda wannan iko ya yi rauni a shekarun 1950 da siyasar jam'iyyu ta zo, waɗanda suka ba da aron suka fara naɗe tabarmarsu. Jikan wanda aka haifa a Sabo yakan ji Yarabanci kamar jakin Kano da Hausa, amma ranar neman takardar shaidar asali sai a tuna masa garin kakansa, wanda wataƙila bai taɓa takawa ba. Shi ba yanki yake bukata ba, don babu mai yanka masa. Abin da zai amfane shi shi ne haƙƙin da ke bin mutum duk inda ya sa ƙafa, da kotun da ba ta jin tsoron mai gari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyin faɗa a mujallar sashen Hausa. Mukan yi alfahari a taruka da yadda harshenmu ke bunƙasa, muna ƙirga miliyoyin masu jin sa daga Kumasi zuwa Sudan, ba mu cika tambayar a kan kabarin wa wasu daga cikin miliyoyin suke tsaye ba. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace tsakanin 1920 da 1940, masu shi suka koma Hausa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Babu wanda ya kafa doka, babu wanda aka ɗaure. Kasuwa ce da aure da makarantar allo da kunyar a ce da mutum bagidaje. Wannan bambanci ne na gaske tsakaninmu da abin da muka bayyana a sama, ba kuwa za mu rage masa daraja ba. Amma ba mu da tabbacin ya isa ya wanke mu sarai, domin dariyar da ɗan birni ke yi wa karin harshen ɗan ƙauye ita ma tana rufe ƙofa, ko da ba da kwaɗo ba.

A zangon karatun da ya wuce muna da wani ɗalibi a ajin nazarin waƙa, ɗan wani ƙauye a gindin duwatsun Bauchi, wanda ya fi kowa a ajin iya fiɗar karin waƙoƙin ƙarni na 19. Da muka kawo wannan zance a aji, muka nuna musu hoton takardar kuɗin Alhaji, sai ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ta wajen uwa ba da Hausa take mafarki ba, ita ta faɗa masa da bakinta kafin ta rasu. Muka ce ko zai ɗan jiyar da mu harshen nata. Ya miƙe tsaye, ya ce zai yi ƙidaya. Ya faɗi ɗaya, ya faɗi biyu, ya kai huɗu, ya tsaya yana kallon silin. Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Biyar," aka yi dariya, shi ma ya yi, ya zauna. Muka koma kan baitin da muke ciki.